Baƙaƙen Samfefa da Sanduna Goma: Asalin Hanyar Montessori

Wanda duk yake bin unguwannin Kano ko Kaduna ko Abuja ya saba ganin kalmar Montessori a allunan makarantun nazare masu zaman kansu. Iyaye da dama sun ɗauke ta alamar tsada da iya Turanci, wasu ma sun zaci sunan wani kamfani ne. Sunan mace ce, likita 'yar ƙasar Italiya, kuma lafiyayyun yaran da ta fara koya wa baƙaƙe da ƙirga 'ya'yan leburori ne a wata unguwar talakawa ta birnin Rum, waɗanda yawancin iyayensu ba su iya rubuta sunansu ba.

An haifi Mariya Montessori a 1870 a garin Chiaravalle. Ta kammala karatun likita a Jami'ar Rum a 1896, a zamanin da mata likitoci a Italiya ba su wuce a ƙirga su da yatsu ba. Aiki ya riƙa kai ta gidajen masu taɓin hankali, inda a lokacin ake tsare har da yara masu raunin ƙwaƙwalwa. A ɗaya daga cikin gidajen, matar da ke tsaronsu ta yi mata ƙorafi cewa yaran nan sun cika haɗama, da an gama cin abinci sai su faɗa ƙasa suna tsintar ɓarɓashin burodi. Montessori ta dubi ɗakin, ta ga babu komai a cikinsa, ko tsinken da yaro zai riƙe ya juya. Ta fahimci cewa hannuwansu ne ke neman abin yi, kuma ɓarɓashin nan shi kaɗai suka samu.

Wannan ya sa ta shiga binciken abin da magabata suka yi, har ta kai ga likitoci biyu Faransawa. Na farko, Jean Itard, shi ne ya ɗauki wani yaro da aka kamo a dajin Aveyron wajen 1800, wanda ya tashi shi kaɗai ba ya magana. Itard ya shekara biyar yana fama da shi. Yaron bai yi magana ba har ƙarshen rayuwarsa, amma ya iya ɗaukar baƙaƙen ƙarfe ya jera kalmar madara idan yana so a ba shi. Na biyu, Édouard Séguin, almajirin Itard ne, kuma shi ya shimfiɗa tsarin horar da ido da kunne da yatsu kafin a zo ga karatu. Montessori ta zauna ta juya littafinsa zuwa Italiyanci da hannunta, shafi bayan shafi, don ta tabbata ta fahimci kowace kalma. A 1900 aka ba ta shugabancin wata makaranta ta irin waɗannan yara tare da likita Giuseppe Montesano, kuma kafin ta bar wurin wasu daga cikin yaran da aka yanke wa ƙauna sun zauna jarrabawar gwamnati tare da lafiyayyu sun ci. Jama'a suna ta mamaki, ita kuwa tambayar da ta dame ta ita ce: me ake yi wa lafiyayyun yara a makaranta har waɗannan suka kamo su?

Damar gwada amsar ta zo ne ta wajen masu gidajen haya. A unguwar San Lorenzo wani kamfanin gine-gine ƙarƙashin injiniya Edoardo Talamo ya gyara tsofaffin benaye ya zuba ma'aikata. Uwa da uba duk suna fita nema tun safe, ƙananan yara su wuni suna zane a bango suna ɓata matakala. Kamfanin ya ga tara su a ɗaki ɗaya ya fi masa araha bisa ga yawan gyara. Ranar 6 ga Janairun 1907 aka buɗe ɗakin a gida mai lamba 58 a titin Marsi, da yara kusan 50, 'yan shekara uku zuwa shida, aka sa masa suna Gidan Yara. Wadda aka ɗauka ta zauna da su ba ta taɓa shiga makarantar horon malamai ba.

Da farko Montessori ba ta da niyyar koya musu karatu. Ita ma ta yarda da abin da kowa ya yarda da shi a lokacin, cewa sai yaro ya kai shida. Abin da suke yi shi ne wanke hannu, shara, ɓalla maɓalli, jera abubuwa daga ƙarami zuwa babba. Iyaye mata ne suka matsa mata, suna cewa tunda yaran na koyon komai a nan ba tare da wahala ba, a haɗa musu da rubutu. Ta so a sassaƙa mata baƙaƙen katako irin waɗanda ta yi amfani da su a da, kuɗi suka gagara. Sai ita da mataimakiyarta suka ɗauki almakashi suka yanka baƙaƙe daga takarda, suka yanka wasu daga samfefa irin ta kafintoci, suka manna a kan kwali mai santsi.

Rashin kuɗin nan ya haifar da abin da ya fi na katakon amfani, kuma ya kamata a tsaya a ga yadda yake aiki. Malama ta zauna kusa da yaro ɗaya da kati biyu. Ta ɗora yatsu biyu a kan harafin, ta bi shi kamar yadda ake rubuta shi, tana furta sautinsa: mmm. Yaron ya bi da nasa yatsun. Idan ya kauce, santsin kwali ya gaya masa ya fita daga hanya, ba sai an tsawata masa ba. Daga nan sai darasi mai hawa uku da Montessori ta gada daga Séguin: wannan shi ne mmm, wannan shi ne a, nuna mini mmm, wannan mene ne? Idan yaro ya yi kuskure ba a gyara masa, sai a ajiye katin a dawo wata rana. Sauti ake ba shi, ba a ba shi sunan harafin, kuma da ya kama baƙi sai a haɗa masa shi da wasali: ma, mi, mo. Duk wanda ya yi makarantar allo zai ji ƙamshin babbaƙu da farfaru a nan, sai dai a wurinmu ana fara haddace sunayen haruffa kafin a zo ga wasulla. Bayan haka akwai akwatin baƙaƙen takarda, malama ta faɗi kalma a hankali, yaro ya tsinto sautukanta ɗaya bayan ɗaya ya jera a tebur. Ya fara rubutu ke nan tun hannunsa bai riƙe alƙalami ba.

Wata rana a watan Disamba na 1907, Montessori ta hau saman bene da yaran suna shan hantsi. Ta miƙa wa wani ɗan shekara biyar alli ta ce ya zana bututun hayaƙin da ke gabansu. Ya zana, ya ɗan yi shiru, sai ya ɓarke da ihu cewa ya iya rubutu, ya durƙusa ya rubuta kalmar hannu da Italiyanci a daɓe, ya bi ta da bututu da rufi. Sauran suka yi caa suna neman alli. A kwanakin da suka biyo baya iyaye suka riƙa kawo labarin yara na rubutu a ƙasan ɗaki, har da bayan burodi. Kafin Kirsimeti wasu 'yan shekara huɗu su biyu sun rubuta wa Talamo wasiƙar gaisuwa a madadin 'yan uwansu. Karanta rubutun wani kuwa sai daga baya ya zo, ta hanyar 'yan takardun da take rubuta sunayen kayan wasa a kai tana naɗewa.

Ƙirga ta faro ne daga kuɗi, domin ɗan talaka ya san canji tun kafin ya san lamba. Amma abin da ya zama ginshiƙi shi ne sanduna goma, ta farko santimita 10, kowace tana ɗara ta bayanta da santimita 10, har ta ƙarshe mai mita ɗaya, an raba su gaɓa-gaɓa da launin ja da shuɗi. Hikimar tana nan: yaron da ke rera ɗaya, biyu, uku har ashirin sau da yawa waƙa kawai yake yi, ka ce ya ba ka biyar sai ya miƙo maka na biyar ɗin shi kaɗai. Sandar biyar kuwa abu guda ce da zai ɗauka da hannu, ya ji ta fi ta uku tsawo da nauyi. Ya ɗora ta ɗaya a bakin ta tara ya ga sun yi daidai da ta goma, ya sa ta biyu a kan ta takwas ya ga haka, lissafin tarawa ya shigo ba a kira sunansa ba. Sai akwati mai gida goma, daga 0 zuwa 9, da 'yan itatuwa masu kama da mazari guda 45, daidai adadin da zai cika gidajen ba ragi ba saura. Gidan farko dole a bar shi wayam, kuma yara kan sha wuya kafin su haƙura su bar shi. Har wasa Montessori ta ƙirƙira, ta ce wa yaro ya zo wurinta sau sifiri, ya taso a guje, a yi dariya tare, har ya gane cewa zama zai yi. Wasu duwatsu masu ruwan zinariya da ake shirya su goma-goma kamar 'ya'yan carbi, a yi ɗari, a yi dubu, daga baya aka ƙaro su.

Labarin ya bazu da sauri. Littafinta ya fito a 1909, fassarar Turanci a 1912, ta je Amurka a 1913 aka yi mata gagarumar tarba, sannan sukar masana irin su William Kilpatrick ta sa kasuwar ta mutu a can na tsawon shekaru kusan arba'in. A gida ta yi aiki da gwamnatin Mussolini na wani lokaci, suka ɓata, aka rufe makarantunta. Yaƙin Duniya na Biyu ya ritsa da ita a Indiya, inda ta zauna daga 1939 zuwa 1946 tana horar da malamai. Ta rasu a ƙasar Holan a 1952. A 1967 hukumar rajistar alamomin kasuwanci ta Amurka ta yanke cewa sunan ba mallakin kowa ba ne, kuma a yawancin ƙasashe kowa na iya rubuta shi a allonsa ko da babu kati ɗaya na samfefa a ajin.

Akwai abin da ya sa rubutu ya ɓarke a saman benen nan, wanda ya shafe mu kai tsaye. Italiyanci kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, kuma yaran da harshen da suka sha a nono suke aiki. Yaron da ya san sautukan haruffa ashirin da 'yan kai zai iya rubuta duk abin da ke bakinsa. Turanci ba haka yake ba: sautuka kusan 44 ne ake cusawa cikin haruffa 26, shi ya sa malaman Ingila da Amurka suka ƙara katunan haruffa bibbiyu da matakai masu yawa. Bokon Hausa kuwa ɗan uwan Italiyanci ne a wannan fanni. Ko da yake ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, harafi ɗaya sauti ɗaya ne a mafi yawan lokaci, kuma gaɓoɓinmu gajeru ne. Manufar ilimi ta Nijeriya ta 1977 ma ta ce da harshen uwa ko na yankin za a koyar a nazare.

Na taɓa zama da wata 'yar ƙanwata mai shekara huɗu da rabi, wadda ake biya wa kuɗi masu nauyi a irin waɗannan makarantu. Ta rera mini ei, bi, si har ƙarshe ba gargada. Na rubuta mata baba a takarda, ta ce bi, ei, bi, ei, ta ɗago kai tana jiran in gaya mata abin da ta karanta. Abin ya tsaya mini a rai, domin yarinyar ta yi duk abin da aka koya mata daidai. Washegari na sayo fallen samfefa a wurin kafinta, na samo kwalin taliya, muka fara da a da b da m. Akwatunan da ake shigowa da su daga waje suna ɗauke da q da v da x, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, don haka waɗannan ko mai kuɗi sai ya yanka da hannu. Ranar da muka kai ga ƙ, ta daɗe tana bin lanƙwasar kansa da yatsu biyu, sannan ta tashi ta nufi ƙofa ta dafa ta.