Gora da Hakimin Weixian

Da muna makaranta, in aka ce gora, bulala muke tunawa. Malamanmu su yafe mini. A ƙasar Sin kuwa, mawaƙan dā sun ɗauke ta alamar mutumin kirki: a miƙe take, kuma hunturu ba ya raba ta da ganyenta. Da yawansu ma'aikatan gwamnati ne irina. Ɗayansu, Zheng Banqiao, hakimin Weixian a lardin Shandong, ya buɗe rumbunan hukuma lokacin yunwa bai jira izini daga sama ba. Nakan tuna shi duk ranar da fayil ya kwana a teburina. A 1753 ya bar aiki, ya koma garin Yangzhou yana zana gora, yana rubuta waƙa a gefenta, yana sayarwa ya ci abinci.