Gicciye Biyu, Coci Ɗaya: Taƙaddamar Shekara 120 a Birnin Roma

 Yau za mu leƙa birnin Roma, mu ga yadda siffar gini ta zama abin jayayya tsawon shekara 120.

Da za mu kalli tsofaffin majami'un Turai daga sama, da yawansu siffar gicciye za mu gani. Amma gicciyen iri biyu ne. Akwai na Girka, mai hannuwa huɗu daidai wa daida, yawanci da kubba a tsakiya. Akwai na Latin, wanda ƙafarsa ta fi sauran tsawo, kuma a wannan doguwar ƙafar ce jama'a ke tsayawa ibada.

Tsohuwar Cocin Waliyyi Bitrus, wadda sarki Konstantin ya gina a ƙarni na 4 a kan inda Kiristoci suka yi imani an binne Bitrus, doguwa ce. Bayan shekara fiye da dubu bangayenta sun karkace. A ranar 18 ga Afrilu 1506 Fafaroma Yuliyus na Biyu ya aza harsashin sabuwa, bisa zanen Bramante, wanda ya zaɓi gicciyen Girka. Masanan zamaninsa suna ganin kamala tana cikin da'ira da daidaiton kusurwoyi, ga shi kuma kabarin zai zauna ƙarƙashin kubba, a cibiyar komai.

Bramante ya rasu a 1514, aiki bai yi nisa ba. Rafayel ya gaje shi, ya mayar da zanen na Latin, shi ma ya rasu a 1520. Kuɗin ginin ma sai da ya jawo fitina, domin sayar da takardun gafara don tara shi na cikin abin da Martin Luther ya yi wa bore a Jamus a 1517.

Sai aikin ya faɗo hannun Mikelanjelo a 1547, yana da shekara saba'in da 'yan kai. Ya ƙi karɓar ladan aiki, ya rushe wani ɓangare na abin da magabacinsa Sangallo ya gina, ya koma kan gicciyen Girka. Ya ƙara wa ginshiƙai kauri, ya share ƙananan lunguna, don duk wanda ya tunkaro ginin ta kowace fuska kubbar ce za ta fara cika masa ido. Bai ga ƙarshenta ba. Ya rasu a 1564, aka kammala ta a 1590.

A nan ne malaman coci suka ja daga, kuma a ganinmu hujjarsu ba ta banza ba ce. Zanen Mikelanjelo bai rufe dukkan filin tsohuwar cocin ba, filin da ke cike da kaburbura da ake girmamawa. Babu isasshen wurin jerin gwano na manyan bukukuwa. Tun 1577 ma Karlo Borromeyo, babban limamin Milan, ya rubuta littafi kan ginin coci inda ya fifita gicciyen Latin. Mai zane kyau yake nema, liman kuwa tambayarsa ita ce ina zai tsayar da dubban mutane.

Fafaroma Bulus na Biyar ya raba gardama. Ya sa aka rushe ragowar tsohon ginin, kuma daga 1607 Karlo Maderno ya ja hannun gabas ya yi tsawo, ya ɗora masa faffaɗar fuska. Aka keɓe cocin a ranar 18 ga Nuwamba 1626.

Jama'a sun samu wurin tsayawa, kubba ta biya kuɗin. Yau mai tahowa ta dandalin gaba, yana matsowa kubbar na nutsewa a bayan fuskar Maderno. Wanda ke son ganinta yadda Mikelanjelo ya nufa sai ya zagaya ta baya, ta lambunan Fadar Batikan, inda bangayensa ke nan yadda ya tsara su.