Ranar da Dara Ta Ci Gida

A gindin bishiyoyin Jega da Maiyama, idan la'asar ta yi sanyi, akan ga dattawa sun haƙa gurbi talatin a ƙasa, wannan da tsinke goma sha biyu, wancan da tsakuwa goma sha biyu. Wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin karawarsa. Ita ce dara. Barebari suna da tsatsarandi, Turawa kuwa suna da tasu darar da suke kira ces, kuma a kanta an yi tambayar ko ya halatta na'ura ta zauna gaban gwani a gasar duniya.

A 1996, a birnin Filadelfiya, Garry Kasparov ya kayar da kwamfutar kamfanin IBM mai suna Deep Blue da maki 4 da 2. Shekara na zagayowa, a watan Mayun 1997, aka sake zama a New York, na'urar ta rama da maki uku da rabi, shi kuwa biyu da rabi. Kasparov ya yi zargin akwai hannun mutum a wasu zubin, ya nemi a sake; kamfanin ya ƙi, ya jingine na'urar. Ɗan Adam ne ya ƙera ta, ita kuma ta kayar da mafi gwanintarsa: dara ta ci gida ke nan. Da Deep Fritz ta doke Vladimir Kramnik a Jamus a 2006, gardamar ta mutu murus.

Wasannin Afirka ma ba su tsira ba. A 2002 wasu masana biyu a Amsterdam suka sa kwamfutoci suka lissafe dukan zubin awari, ɗan uwan ayo na Yarabawa, suka tabbatar cewa in ba wanda ya yi kuskure, kunnen doki za a yi. Saboda haka ba abin mamaki ba ne wata rana ɗalibi a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero ya yi wa dara irin wannan lissafi.

A ganina bai kamata a shigar da na'ura gasa ba. Gasa awo ce tsakanin masu gajiya da mantuwa, waɗanda habaicin 'yan kallo kan sa hannunsu rawa, ita kuwa ba ta jin gori. Gasar ces ta duniya ta tsaya ga mutane, kwamfutoci suna da tasu daban. Sai dai tun 2006, lokacin da ɓangaren Veselin Topalov ya zargi Kramnik da yawan shiga ban ɗaki, hankalin alƙalan wasa ya koma kan na'urar da ake iya ɓoyewa a aljihu.