Haƙar Kuza da Ƙwadago a Ƙasar Jos, 1902 zuwa 1985

Ba Turawa ne suka fara gano kuza a ƙasar Arewa ba. Tun kafin zuwansu akwai maƙera a Liruwen Kano da Liruwen Dalma waɗanda sana'arsu ke nan. Sukan wanke yashin rafi su fid da baƙin tsakuwan nan mai nauyi, su narka shi a matoya, su zuba shi ya zama 'yan sanduna sirara kamar tsinke, fatake su saya su kai kasuwanni. Waɗannan sanduna ne suka faɗa hannun ma'aikatan Kamfanin Neja a bakin Binuwai, har kamfanin ya ƙudura sai ya san inda suke fitowa. A 1902 ya aiki George Nicolaus bincike, a 1903 kuma H. W. Laws ya hau tudun Jos da rakiyar soja, daga baya ya kafa sansani a Naraguta. Mutanen duwatsu ba su karɓe shi hannu biyu ba, sai da aka yi faɗa. Cikin 'yan shekaru kaɗan Gwamnati ta mai da dukan abin da ke ƙarƙashin ƙasa nata, tana ba kamfanoni izinin haƙa, sana'ar maƙeran Liruwe kuwa ta mutu.

Amfanin kuza ga Turawa shi ne shafe ƙarfen gwangwani don kada ya yi tsatsa, da yin sanadarin liƙe ƙarafa, da haɗa tagulla. Wajen 1910 labarin kuzar Nijeriya ya bazu a kasuwar Landan, kamfanoni suka yi ta tasowa kamar ciyawar damina. Amma fa tun farko matsalarsu guda biyu ce, watau hanya da mutane. Kafin zuwan jirgin ƙasa, 'yan dako ne ke ɗaukar kuza a ka har Loko a bakin Binuwai, tafiyar kwanaki masu yawa. Ƙaramin layin dogo da aka ja daga Zariya ya isa Jos da Bukuru a 1914, babban layi kuma ya iso daga Fatakwal ta Kafanchan a 1927, ya kawo gawayin Inugu, ya tafi da kuza bakin teku. Ƙaramin layin nan an rufe shi a 1957.

Maganar mutane ta fi wuya. Kuzar Filato a cikin yashi da tsakuwan tsofaffin kwaruruka take, sai an kwashe ƙasar da ke bisa, a ɗebi tsakuwa a kwano a kai wurin wanki. Aiki ne na diga da shebur da wuyan ɗan Adam. Birom da maƙwabtansu, waɗanda gonakinsu ne ake tonawa, da fari ba su ga dalilin barin noma su yi wa baƙo aiki ba. Saboda haka leburorin farko yawancinsu baƙi ne: Hausawa daga Kano da Zazzau da Katsina da Bauchi, da Barebari, da mutanen ƙasar Faransi daga wajen Nijar da Chadi. Abin da ya koro da yawa daga cikinsu kuwa shi ne haraji, gama Gwamnati ta ce da tsabar kuɗi za a biya, tsabar kuɗi kuma a bariki take. Mutum ya gama girbi ya tafi cin rani, ya yi 'yan makonni ko 'yan watanni, ya tara kuɗin haraji da na riga, ya komo gida kafin shuka.

Ma'aikatan kuza sun kasu kashi uku. Akwai leburorin kamfani masu karɓar albashi a ƙarshen mako, suna aiki ƙungiya ƙungiya a ƙarƙashin helma, shi ne ke nemo su, shi ke tsawata musu, sau da yawa kuma shi ke ba su bashi. Akwai masu haƙa da kansu a filin kamfani, su sayar wa kamfanin abin da suka wanke a bisa nauyinsa, ba su da albashi, ba su da ikon sayar wa wani. Sa'an nan akwai 'yan tsiraru masu sana'ar hannu da akawuna, makanikai da direbobi da kafintoci, waɗanda akasarinsu daga Kudu suka zo, domin a can aka riga aka buɗe makarantun boko. Manyan muƙamai duka na Turawa ne. Wannan rabo ya daɗe bai sāke ba, shi ne kuma ya sa ɗan Arewa ya shekara hamsin yana haƙar kuza amma kaɗan ne suka fita daga matsayin ɗaukar kwano.

Wanda ya duba yawan ma'aikata shekara shekara zai ga ba a Jos ake yanke shawarar yawansu ba. A 1928 sun kusa 40,000. Da kasuwar duniya ta faɗi a 1929, farashin kuza ya zube, a 1931 kuma ƙasashe masu kuza, Malaya da Boliviya da tsibiran Holan na Gabas da Nijeriya, suka ƙulla yarjejeniyar rage abin da kowa zai haƙa. Kafin 1933 ma'aikatan Filato ba su kai rabin yadda suke da ba. Ba a biya waɗanda aka sallama kome ba, ƙauyuka ne suka karɓe su. A wannan zamani kuma ƙananan kamfanoni suka yi ta shiga hannun manya, har aka kafa ATMN a 1939, wanda ya zama babbansu duka. Wutar lantarki daga Kurra, wadda kamfanin NESCO ya samar wajen 1930, ta ba manyan dama su sa injuna inda da mutane ke yi.

Yaƙin Duniya na Biyu ya juya al'amarin. A farkon 1942 Japan ta ci Malaya, Ingila ta rasa babbar rijiyar kuzarta, ta juyo ga Nijeriya. Maimakon a ƙara albashi har mutane su zo da kansu, sai aka kafa dokar aikin tilas, wanda talakawa suka kira ɗiban Gwamna. Aka rarraba wa En'e-en'e adadin mutanen da kowace za ta kawo, hakimai da dagatai suka yi ta kamawa. Daga 1942 zuwa 1944 an ɗebi mutum fiye da 100,000 daga lardunan Arewa. Mutanen ƙasa mai zafi suka tarar da sanyin Filato ba bargo isasshe, abinci ya yi ƙaranci, cuta ta shiga bariki, aka mutu da yawa, musamman a wurin aikin madatsar ruwa ta Tenti. Masu gudu kuwa ba su ƙirguwa. A 1943 an fid da kuza fiye da ton 17,000, wanda shi ne mafi yawan abin da aka taɓa fitarwa a shekara guda. Amma ƙarin bai yi daidai da yawan mutanen da aka zuba ba, gonaki kuma suka rasa manoma. Maganar ta kai har Majalisar Ingila, aka soke dokar a 1944.

Game da rabon arzikin kuwa, tun 1900, sa'ad da Gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga Kamfanin Neja, aka yi alkawarin ba kamfanin rabin kuɗin da Gwamnati za ta samu daga ma'adinan wani babban yanki na Arewa har shekara 99. Kamfanin UAC ya gaji wannan haƙƙi, sai a 1950 aka fanshe shi da fam 1,000,000. Manomin da aka tone gonarsa abin da ya samu ɗan diyya ne, sai ramuka da tudun ƙasa da ba su karɓar shuka. Ƙarancin gona ne ya tura Birom da yawa, maza da mata, cikin aikin da kakanninsu suka ƙi.

Bayan yaƙi an sami wani ɗan lokaci na walwala. A shekarun 1950 Amurka ta shiga tara kolombait, ƙarfen da ake samu tare da kuza, wanda a da zubarwa ake yi, Nijeriya kuwa ita ce ke fid da mafi yawansa a duniya. Da Amurka ta daina saye, kasuwar ta kwanta. A farkon shekarun 1960 aka buɗe masana'antar narka kuza ta Makeri kusa da Jos, aka daina fita da ita ɗanya. Sai dai kuzar da ke kusa da bisa ta fara ƙarewa, wadda ta rage tana can ƙarƙashin dutse mai tsadar fasawa. Rikicin 1966 ya kori ƙwararrun ma'aikata 'yan Gabas. Man fetur, wanda aka samu a Oloibiri a 1956 aka fara fitarwa a 1958, ya ɗauke hankalin Gwamnati, ya kuma sa kuɗin aiki ya hau. Kafa Hukumar Ma'adinai ta Nijeriya a 1972 da dokokin mai da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ba su tsai da faɗuwar ba. A watan Oktoba na 1985 Majalisar Kuza ta Duniya ta kasa biyan bashinta, farashi ya rushe, haƙar manyan kamfanoni a Filato ta zo ƙarshe.

Kuza ta bar garin Jos da Bukuru, da layin dogo, da lantarki. Ta bar kuma sanin tarihin Nok, gama a ramin kuza aka fara tsintar gumakan yumɓun nan a 1928, har aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Ta bar tafkuna masu yawa da ke cin mutane da dabbobi, da tambayar wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo, wadda Jos ta sha wuya a kanta. Abin da ba ta bari ba shi ne sana'a tsayayya. Waɗanda suka ci gaba da haƙa bayan tafiyar kamfanoni da diga da kwano suke yi, kamar leburorin 1910, ba helma, ba asibitin kamfani. Mutuwar ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 saboda gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta nuna inda irin wannan haƙa ke kaiwa in ba mai lura. Malamin da ke koyar da tarihin tattalin arzikin Arewa ya kamata ya sa ɗalibansa su auna ma'adini da abin da ya rage a hannun mai haƙa bayan rami ya ƙare, tun kafin su ƙirga ton nawa jirgi ya ɗauka.