Duwatsun Ado Da Kambin Sarauta A Ƙasar Yarabawa

 An sha faɗa mana cewa Turawa ne suka kawo wa Afirka duwatsun ado, suka ruɗi kakanninmu da ƙyalƙyali. Abin da aka tono daga ƙasa bai yarda da wannan zance ba.

A Igbo-Ukwu da ke Jihar Anambra, masanin tarihi Thurstan Shaw ya fara tono a 1959, inda aka samo duwatsun gilashi da na tsakiya fiye da 165,000. An kiyasta cewa sun kai ƙarni na 9 ko na 10, wato shekaru ɗaruruwa kafin jirgin Fotugal ya taɓa gaɓar Gini. A Ile-Ife kuwa, a dajin Igbo Olokun, Dakta Abidemi Babalola ya tono duwatsu fiye da 12,000 tare da tukwanen narka gilashi na tsakanin ƙarni na 11 da na 15. Binciken sinadarai ya nuna a nan aka haɗa gilashin da ƙasar wurin, kuma an ga irinsa har Gawo ta ƙasar Mali.

A wurin Yarabawa dutse shaidar mulki ne. Kambin da suke kira "ade" yana da labulen duwatsu da ke rufe fuskar sarki, domin ba a son talaka ya yi ido huɗu da shi. Sarkin da asalinsa ya kai ga Oduduwa ne kaɗai ke da ikon sa shi.

A 1903 rigima ta tashi a ƙasar Remo, lokacin da Elepe ya sa irin wannan kambi, Akarigbo ya ce bai isa ba. Gwamnan Legas, William MacGregor, sai da ya gayyato Ooni Adelekan Olubuse, wanda a al'ada ba ya barin Ife. Ooni ya yanke hukunci cewa Elepe ba shi da hurumi, aka raba shi da kambin.

Mu ma nan Arewa muna da kasonmu. Masaga na Bida sun daɗe suna narka gilashi, ga murjani da tsakiya da jigida a kayan amare. Yanzu roba ta cika kasuwa, tsofaffin masu sana'ar suna ƙarewa. Wanda ke da murjanin gado a gida, ya tambayi tarihinsa tun masu sani suna raye.