Farautar Barewa a Ƙasar Faskari

Farautar barewa tsohuwar sana'a ce a Sheme da sauran garuruwan Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, a Jihar Katsina. Lokacinta rani ne, bayan an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, sawun dabba ya fito fili.

Maharbi kan yi kwanto a mashaya da bindigar toka ko kwari da baka, 'yan farauta kuwa sukan fita ayari guda da karnuka da gora.

Yau barewa da gada sun yi ƙaranci saboda saran itatuwa da faɗaɗa gonaki, 'yan fashin daji kuma sun hana maharba shiga dawa. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince a mayar da dajin Kogo da ke wannan yanki gandun dajin ƙasa.