Ikterus: Tsuntsu Mai Suna Ɗaya da Ciwon Shawara

Ba kasafai ake jin kalmar ikterus a bakin jama'a ba, ko da a Ingila. Kalma ce ta likitoci, a takardunsu take zaune. Abin da take nufi shi ne ciwon shawara, wato farin ido da fata su rikiɗe su koma rawaya saboda taruwar sinadarin bilirubin a cikin jini. Asalinta kuwa Girkanci ne, domin tun zamanin Hifokratis likitocin Girka ke amfani da ita.

Abin da ya ja hankalina gare ta shi ne bayanin Filini Babba, masanin nan Barume da ya rasu a shekara ta 79 Miladiyya, lokacin da dutsen Besubiyas ya yi aman wuta. Filini ya rubuta cewa akwai wani tsuntsu rawaya mai wannan suna, wanda in mai shawara ya ƙura masa ido sai ya warke, tsuntsun kuma ya mutu. Ashe tun a sunan an ɗaura ciwon da maganinsa: launi ya janye launi. Kada ɗalibi ya yi saurin yi wa Rumawa dariya, domin a ƙasar Hausa ma saiwar rawaya na cikin abin da masu maganin gargajiya ke jiƙa wa mai shawara.

Maganin Filini ya daɗe da mutuwa, amma kalmar ta rayu, har ta haihu. A farkon ƙarni na 20 wani likita Bajamushe, Schmorl, ya ga tabon rawaya a ƙwaƙwalwar jariran da shawara ta kashe, sai ya haɗa ta da kalmar Jamusanci mai nufin ƙwaya, ya sami kernikterus. Nan ne lamarin ya wuce hirar asalin kalma, saboda jaririn da ya tsira daga wannan yakan tashi da kurumta ko shanyewar gaɓoɓi.

A shekara ta 1956, a wani asibiti da ke Rochford ta Ingila, wata nas mai suna Jean Ward ta lura cewa fatar jariran da take fitarwa rana tana washewa. Daga nan aka fara sa su ƙarƙashin fitila ta musamman, aka buga sakamakon a 1958. Har yau haka ake yi, ana kuma rufe wa jaririn ido kafin a kunna ta.